Daga Isnadi Zuwa Facebook: Tarihin Tambayar "Wane Ne Kai?"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san magabata ba su karɓar ruwayar majhuli, wato mutumin da ba a san shi ba. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa yadda Muhammad bn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya bayyana cewa aukuwar fitina ce ta sa aka fara neman sunayen maruwaita. To, wannan tsohuwar tambaya ita ce dandalin sada zumunta ya dawo mana da ita.

A 1997 aka buɗe SixDegrees a Amurka, sai Friendster a 2002, da MySpace a 2003. Facebook ya bayyana a 2004 don ɗaliban jami'ar Harvard, kafin a buɗe shi ga duk mai shekara 13 zuwa sama a Satumban 2006. Me ya sa 13? Domin a 1998 Amurka ta yi dokar da ta hana tattara bayanan yaron da bai kai waɗannan shekaru ba sai da yardar iyayensa. Ashe ba ma'aunin balaga ba ne, ba kuma na hankali ba. Iyaka ce da kamfanoni suka riƙe don kauce wa fushin hukuma. Yaro kuwa, abin da yake buƙata kawai shi ne ya sauya shekarar haihuwarsa.

Ba a jima ba aka ga sakamako. A Oktoban 2006, a jihar Misuri, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kashe kanta bayan wani "saurayi" da ta haɗu da shi a MySpace ya juya mata baya da zagi. Daga baya aka gano babu wani saurayi. Shafin ƙarya ne da aka ƙirƙira da hannun wata maƙwabciyarsu. Sai a 2008 jihar ta gyara dokarta kan cin zarafi ta intanet.

Mu ma abin bai bar mu ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, matasa suka tashi daga shagunan intanet suka koma 2go da Facebook a tafin hannu. A Yulin 2012 wasu da suka ƙulla abota da wata ɗaliba daga jihar Nasarawa ta Facebook suka gayyace ta Legas da sunan kasuwanci, suka kashe ta a ɗakin otal a Festac. An yi dokar laifukan intanet a 2015, kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a Maris na 2017. Ostireliya kuwa, a Nuwamban 2024 ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandali, ta fara aiki a Disamban 2025.

Dubi jerin shekarun nan da kyau, ya ɗan'uwa. A Misuri da Legas, sai da aka yi jana'iza sannan doka ta biyo baya. Don haka kada mu jira ta. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin aiki da shi. Wanda ba ka san shi ido da ido ba, majhuli ne, komai daɗin bakinsa. Kada ka ba shi hotonka ko kwatancen gidanku, kada ka tafi wurinsa kai kaɗai. 'Yar'uwa, in wani ya yi miki barazana da hoto, ki faɗa wa na gaba da ke tun da wuri. Iyaye kuma mu saurara kafin mu yi faɗa, domin yaron da ke tsoron bulala ɓoyewa yake yi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana su. Wassalamu alaikum.