Aro da Biya: Tarihin Koyar da Tarawa da Ɗebewa a Rubuce

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin lakwal ya san yadda ake jera lambobi, wata bisa wata, a ja layi, a fara daga dama, a rubuta biyu a riƙe ɗaya. Sabo ya sa muna ganin kamar haka lissafi ya faɗo daga sama. A cikin wannan ƙasida muna son mu nuna cewa wannan tsari yana da tarihi, kuma abin da ake rubutu a kansa, ƙasa ko takarda ko allo, ya yi tasiri a kan hanyar da aka koyar. Za mu fi daɗewa kan ɗebewa, don a nan ne gardama take. Tarawa ba ta raba malamai ba sosai.

Daga faifan ƙasa zuwa takarda

Wajajen shekarar 825, a Bagadaza, Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafi kan lissafin Indiya, wato lambobi tara da sifiri, inda darajar kowace lamba ta dangana ga gidan da take. Asalin Larabcin ya ɓace, fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta iso gare mu. Abin lura shi ne, a wannan lissafi daga hagu ake farawa, daga gida mafi girma. Dalili kuwa, a kan faifai ake aiki, wanda aka barbaɗa wa ƙura ko rairayi. In gidan da ke biye ya haifar da goma, sai a shafe lambar da aka riga aka rubuta da yatsa, a gyara ta. Shafewa ba ta cin kuɗi.

A Dimashƙa, a shekarar 952, al-Uƙlidisi ya soki wannan faifai: yana ɓata hannu, iska tana share aikin, kuma ana ganin sa a hannun masu duba na bakin hanya. Sai ya nemi hanyoyin da za su dace da tawada da takarda. To amma tawada ba ta shafuwa. Wanda ya fara daga hagu dole ya yi ta soke lambobi har shafi ya cika da zane, wanda ya fara daga dama kuwa sau ɗaya zai rubuta kowace lamba. Duk da haka hanyar soke-soke ba ta mutu nan da nan ba, ta yi ƙarnoni tana tafiya tare da sabuwar.

Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya koyi waɗannan lambobi a Bijaya, cikin Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki a madadin fataken garinsu. A littafinsa na shekarar 1202 daga dama yake farawa, kuma goman da ta haura a hannu yake cewa a riƙe ta, da lanƙwasa yatsu. Wannan riƙo shi ne kakan abin da Faransanci ke kira retenue. Littafin lissafi na farko da aka buga da inji a Turai, a garin Treviso a 1478, don masu shirin fatauci aka yi shi. Ɗan kasuwa yana son sauri da rashin kuskure, bai nemi a gaya masa dalili ba.

Hanyoyi uku na ɗebewa

Mu ɗauki 432 a ɗebe 157.

Hanya ta farko, a fasa. Bakwai ba ta fita daga biyu, sai a fasa goma guda daga cikin gomomi uku, biyu ta zama 12, a ɗebe 7 saura 5. Gomomi biyu suka rage, sai a fasa ɗari guda su zama 12, a ɗebe 5 saura 7. Ɗari uku a ɗebe ɗaya, saura 2. Amsa 275. Lambar sama kaɗai aka taɓa, kamar wanda ya yi canjin takardar kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancinmu muka koya, wadda makarantunmu suka gada daga Faransa. A ƙara goma a kan biyu ta sama, 12 a ɗebe 7 saura 5. Sai a sauko a ƙara ɗaya a kan biyar ta ƙasa ta zama 6, a ce 13 a ɗebe 6 saura 7. A ƙara ɗaya a kan ɗaya ta ƙasa, 4 a ɗebe 2 saura 2. Ita ce kuma hanyar Fibonacci. Tana da sauri, ba ta ɓata kaye, kuma sifiri ba ya ba ta tsoro: mai shakka ya gwada 5003 a ɗebe 1278 da hanyar fasawa, ya ga yawan soke-soken da zai yi. Amma tana tsaye ne bisa wata ƙa'ida mai zurfi, cewa in an ƙara abu guda a kan lambobi biyu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta sakewa. Wa da ƙane da ke da ratar shekara uku, ko bayan shekara goma ratar tana nan. Ba kasafai ake gaya wa yaro wannan ba. Abin da ake gaya masa shi ne an yi aro, za a biya. Yaro mai wayo sai ya tambaya: an ara daga sama, don me ake biyan na ƙasa? Mu da muka yi koyarwa mun san shirun da ke biyo bayan wannan tambaya.

Hanya ta uku, a cika. Ba a tambayar nawa ya rage, ana tambayar nawa za a ɗora a kan 157 a kai 432. A littattafan Turai an san ta da sunan hanyar Ostiriya. Mu kuwa a kasuwa muka san ta.

Gardamar ta fi zafi a Amurka. A shekarar 1939 William Brownell ya gwada barin yara su soke lambar da aka fasa su rubuta sabuwar a samanta, abin da malamai da yawa suke ganin sanda ce ta gurgu. A 1949 shi da Harold Moser suka fitar da sakamakon bincike kan yara kimanin 1400 na aji uku. Sun raba su kashi huɗu: fasawa ko ƙari, kowace da bayani ko da hadda kawai. In hadda ce zalla, hanyar ƙari ta fi. In da bayani ne, fasawa ta fi, musamman sa'ad da aka ba yaro lissafin da bai taɓa gani ba, don ana iya nuna ta da damin tsinke goma a kwance shi. Daga nan fasawa ta mamaye Amurka, daga baya Ingila ma ta koma gare ta, Faransa kuwa ta daɗe tana riƙe da tata, ko da yake yau ana koyar da duka biyun a can. A ganinmu an faye ambaton rabin wannan sakamako a manta da rabi. Binciken bai ce wata hanya ta fi wata a kowane hali ba. Ya ce zaɓin ya dangana ga ko malami zai yi bayani.

Lissafin da yaro ya zo da shi

Ƙasar Hausa ba ta jira lakwal ba kafin ta san manyan lambobi. Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a 1851, ya ga ana ƙidayar wuri dubu 500, biyar-biyar, ana tara su tsibi-tsibi na metan ko na dubu. Hauya ashirin ce, keso kuwa wuri dubu ashirin. Wannan ƙidaya rukuni-rukuni ce, wato tushen riƙo da fasawa. Har yau harshenmu yana ɗebewa cikin sunan lamba: ashirin ba biyu, ɗari ba ɗaya. Wanda ya saba da haka, in an ce ya ɗebe 198, metan zai ɗebe ya maido biyu.

Ga kuma dala. Yarinya mai talla ta sayar da kayan dala 135, aka miƙa mata jika guda, wato dala metan. Ba ta aro, ba ta biya. Za ta ce biyar, ɗari da arba'in, sittin, metan, canji dala 65. Gobe a aji a rubuta mata 1000 a ɗebe 675, lissafi guda ne cikin tamma, sai ta tsaya kan sifiri uku. Irin wannan ne Carraher da abokan aikinta suka auna a Recife ta Brazil, a rahotonsu na 1985: ƴan yara masu talla sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari a bakin sana'arsu, amma kashi 37 kawai da aka ba su lambobin tsura a takarda. Yara biyar ne kacal, don haka kada a ɗora wa alƙaluman kayan da ba su iya ɗauka. Amma mun ga kamanninsu a kasuwar Maraɗi.

Wani abin mamaki, ƙaramin allon da ɗalibanmu ke ɗagawa mushe ya duba, bisa tsarin La Martinière da ya fito daga Lyon a ƙarni na 19, yana shafuwa kamar faifan al-Khwarizmi. Muna tilasta ƙa'idar tawada a kan abin da tsumma ke gogewa.

Tun daga 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, tambayar ta zama ta kalmomi, kuma ta ƙara nauyi da dokar 2025 da ta mai da Hausa harshen ƙasa. A Faransanci kalma guda, retenue, tana rufe riƙon tarawa da ƙarin ɗebewa, alhali ba abu guda ba ne. In muka fassara ta da aro, mun shigo da tsohon ruɗanin cikin harshen da yaro yake ji sarai, ya kuma san cewa wanda aka ara wurinsa shi ake biya. Ga hanya ta farko muna ba da shawarar canji ko fasawa, ga ta uku cikawa. Ta biyu kuwa, ƙari sama da ƙasa shi ne abin da ake yi, sai a kira ta da shi.