Ranar Da Kira Bai Kai Kunne Ba: Darasi Daga Tagwayen Benayen Amurka



Kakanninmu ba su san wayar salula ba, amma sun san cewa gari ba ya tsira daga bala'i sai da murya guda wadda kowa ya sani, kowa kuma ya yarda da ita. Shi ya sa a ƙasar Hausa tambari ya zama na sarki, ba kowa ke da ikon buga shi ba. In sankira ya fita da shela, an san daga fada maganar ta fito. In gobara ta tashi a unguwa, yekuwa ɗaya ta isa ta fito da maza da bokiti da tulu. Sharuɗɗa biyu suka riƙe wannan tsari: kiran ya kai ga duk wanda ya kamata ya ji shi, sannan kada wani ya iya ƙirƙiro na ƙarya. A yau za mu bi tarihin wata rana da sharaɗin farko ya rushe a birnin da ke da kayan aiki masu yawa, domin mu ga abin da ya rage gare mu.

A safiyar Talata, 11 ga Satumba, 2001, da ƙarfe 8:46, jirgin sama na farko ya daki benen arewa na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a birnin Niyok. Da ƙarfe 9:03 na biyu ya daki benen kudu. Kowane bene hawa 110 gare shi. Hukumomi uku ne suka ruga wurin: 'yan kwana-kwana na birnin, 'yan sandan birnin, da 'yan sandan hukumar tashoshin jiragen ruwa wadda ta mallaki gine-ginen. Kowace hukuma ta zo da nata rediyon oba-oba, a kan nata zangon, da nata shugabanni. Manyan 'yan kwana-kwana suka kafa wurin ba da umurni a farfajiyar ƙasan benen arewa. 'Yan sanda suka kafa nasu a wata mahaɗar titi, can gefe. Jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu suna shawagi a sama suna ganin yadda wuta ke cin ginin, amma babu shugaban 'yan kwana-kwana ko ɗaya a cikinsu. Masu ido suna wuri ɗaya, masu hawa matakala suna wani wuri.

Akwai ofishin da birnin ya kafa musamman domin haɗa kan waɗannan hukumomi a irin wannan rana. Sai dai an ajiye shi a gini mai lamba 7 na wannan cibiya, dab da inda bala'in ya sauka. Kafin ƙarfe goma na safe an kwashe ma'aikatansa, da yamma kuma ginin kansa ya rushe.

Da ƙarfe 9:59 benen kudu ya zube. Mintoci kaɗan bayan haka, matuƙan jiragen 'yan sanda suka sanar ta rediyonsu cewa saman benen arewa ya yi jajir, ba su ga alamar zai daɗe a tsaye ba. Wannan gargaɗi ya bi zangon 'yan sanda, kuma mafi yawan 'yan sandan da ke cikin ginin sun ji umurnin fita, sun fita. Bai ƙetara zuwa rediyon 'yan kwana-kwana ba. Gaskiya ne shugabanninsu ma sun ba da umurnin a sauko, to amma ƙananan rediyoyinsu ba su da ƙarfin ratsa ƙarfe da kankare na hawa da yawa, ga kuma muryoyi sun yi cunkoso a zango guda, kowa na magana a kan kowa. Wasu ba su ji ba sam. Wasu sun ji, amma ba a gaya musu cewa ɗaya benen ya riga ya faɗi ba, don haka suka sauko a natse, suna hutawa, suna taimakon waɗanda suka gaza. Wasu kuma sun ji sarai, suka zaɓi su tsaya da raunana. Da ƙarfe 10:28 benen arewa ya bi sawun ɗan'uwansa.

A wannan rana 'yan kwana-kwana 343 suka rasu, da 'yan sandan birni 23, da 'yan sandan hukumar tashoshin 37. Fiye da ɗari daga cikin 'yan kwana-kwanan a benen arewa suka cika, bayan kusan rabin sa'a da faɗuwar na kudu. Ajali idan ya zo babu makawa, wannan mun yi imani da shi. Amma rabin sa'a lokaci ne mai tsawo ga mai saukowa daga matakala.

Talakawan da ke cikin benayen su ma abin ya shafe su. Da yawa sun buga lambar gaggawa ta 911 suna tambayar abin yi. Masu amsa kiran ba su da labarin abin da shugabanni suka yanke a wurin, sai suka riƙa maimaita shawarar da aka saba bayarwa a gobarar dogon bene, wato mutum ya zauna inda yake ya jira. Ba su san an yanke shawarar kwashe kowa ba, ba su kuma san cewa ba za a iya ceto ta kan rufi ba, alhali wasu sun nufi sama suna sa ran jirgi.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba wannan ne karon farko ba. A 26 ga Fabrairu, 1993, an tayar da bam a ƙarƙashin wannan cibiya, kuma a ranar ma rediyoyin sun gaza. Bayan nan aka kafa na'urar da ke ƙara wa rediyo ƙarfi a cikin ginin. Ranar 11 ga Satumba shugabannin da ke benen arewa suka gwada ta, suka ɗauka ba ta aiki, suka bar ta. Alhali wasu sun yi amfani da zangonta a benen kudu. Ga kaya an saya, amma hannun da zai sarrafa shi bai saba da shi ba. Ƙari a kan haka, an daɗe ana tsama tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na wannan birni a kan wa ke da iko a wurin hatsari. Waɗanda ba su saba zama a tabarma ɗaya ranar lafiya ba, da wuya su fahimci juna ranar tashin hankali.

Kwamitin binciken da aka kafa ya fitar da rahotonsa a watan Yuli, 2004. Ya ba da shawarar a ware wa masu aikin ceto nasu zangon sadarwa, a kuma tilasta tsarin shugabanci guda a wurin hatsari. Shi wannan tsari an fara shi ne a jihar Kalifoniya bayan gobarar daji ta 1970, inda hukumomi da yawa suka haɗu suka kasa jin yaren juna. Ma'anarsa mai sauƙi ce: shugabannin hukumomi su tsaya wuri ɗaya, a san wanda ke da magana ta ƙarshe, a kuma yi magana da kalmomin da kowa ya sani. Domin kowace rundunar 'yan sanda tana da lambobinta na daban, kuma lamba ɗaya takan zama ma'ana biyu a gari biyu.

Duk da haka gyara bai zo da wuri ba. A watan Agusta, 2005, guguwar Katrina ta karya turakun sadarwa ta katse lantarki a birnin Niyu Olins, masu ceto suka koma aika manzo da ƙafa kamar zamanin da. Sai a watan Fabrairu, 2012, majalisar Amurka ta yi dokar kafa hukumar FirstNet, ta ware mata zango na musamman da dala biliyan 7. A watan Maris, 2017, aka ƙulla yarjejeniyar shekara 25 da kamfanin AT&T domin gina layin. Babban amfaninsa shi ne idan layi ya cunkushe saboda kowa na kiran danginsa, kiran mai ceto ne ke shiga gaba. A lissafa: shekara goma sha shida tsakanin bala'in da fara ginin maganinsa, a ƙasar da ba kuɗi ta rasa ba. Abin da ya ci lokacin shi ne ja-in-ja a kan wa zai mallaka, wa zai biya, wa zai bi wani.

Saura sharaɗi na biyu, wato amincin kira. Idan aka buɗe zango domin kowa ya ji, maƙiyi ma yana da kunne. A harin birnin Mumbai na ƙasar Indiya a watan Nuwamba, 2008, masu tura maharan suna zaune a nesa suna kallon talabijin, suna gaya wa yaransu ta waya inda jami'an tsaro suka nufa. Shi ya sa hukumomi da yawa suka koma kulle muryoyin rediyonsu da mabuɗin sirri. To amma kulle yana da nasa hatsarin: idan maƙwabcinka ba shi da mabuɗinka, ka sake gina katangar da ta raba masu ceto a Niyok. Dole a raba mabuɗin tun da sauran lokaci ga waɗanda aka amince da su. Haka nan kiran ƙarya yana iya fitowa daga cikin gida. A 13 ga Janairu, 2018, wani ma'aikaci a jihar Hawayi ya aika wa wayoyin jama'a saƙon cewa makami mai linzami na tafe, aka ɗauki minti 38 kafin a aika saƙon janyewa. Mu da muka karanta sira mun san abin da ihun ƙarya ya jawo a Uhudu, lokacin da aka yaɗa cewa an kashe Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har gwiwar wasu ta yi sanyi. Mun kuma san umurnin Suratul Hujurat na tantance labari kafin a yi aiki da shi.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A cikin wannan shekara ta 2001, ranar 9 ga Mayu, a filin ƙwallo na Ankara, babban birnin Gana, ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo alhali ƙofofi na rufe. Mutum 126 suka rasu, da yawansu 'ya'yan zangunanmu ne, musamman Nima. Babu kuma wani tsayayyen tsarin kwasar raunana. Daga wannan musiba aka haifi hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2004. A daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle, kimanin mutum 150 suka halaka, hanyoyi sun toshe da ruwa, kira ya yi wa masu ceto yawa. Shekara da shekaru muna da lamba uku, 191 ta 'yan sanda, 192 ta 'yan kwana-kwana, 193 ta motar asibiti, sai a farkon 2020 aka ƙaddamar da 112 domin ta haɗa su. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da 17 da 18, na Kamaru suna da 117 da 118. Fatake da direbobinmu da ke ƙetare iyaka kullum, nawa ne daga cikinsu suka san lambar ƙasar da suka kwana?

Lamba guda alheri ce, amma tarihin Niyok ya nuna cewa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Su ma suna da 911 tun da daɗewa. Abin da suka rasa shi ne sabo da yarda tsakanin masu amsa kiran. Wannan kuwa abu ne da muke da hannu a cikinsa. A zangunanmu, idan gobara ta tashi da dare, kafin a kira hukuma an kira liman, ko mai unguwa, ko fadar sarkin zango. Lasifikar masallaci ita ce tambarinmu na yau. Ya kamata kowace fada ta san shugaban 'yan kwana-kwana da na 'yan sandan yankinta ido da ido, su ma su san ta. A rubuta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su yi sanarwa a lasifika, kada ta zama ta kowa. A zagaya da masu kashe gobara cikin lungunanmu su ga inda motarsu za ta iya shiga da inda ba za ta iya ba, su san inda ruwa yake. Shugabannin kasuwa su san wa ke riƙe da makullin ƙofofi da dare. A ja kunnen yara a makarantun allo da na boko cewa buga lambar gaggawa da wasa cin amana ne, domin yana toshe layin wanda ransa ke hannun Allah. Manya kuma mu daina tura muryoyin WhatsApp na tashin hankali da ba mu san tushensu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗancan bayin Allah da suka hau matakala da kaya a bayansu ba jarumta suka rasa ba. Magana ɗaya ce ba ta iso gare su ba, alhali tana yawo a iska a saman kansu. Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka rasu a filin Ankara da sauran musibu, Ya kiyaye garuruwanmu daga gobara da ambaliya, Ya haɗa kan shugabanninmu a kan abin da zai tsare rayuka. Amin.