Yaƙin da ke biyo soja har gida: tarihin binciken Casey Taft

A watannin Yuni da Yuli na 2002, sojoji huɗu na barikin Fort Bragg da ke jihar North Carolina a Amurka suka kashe matansu cikin makonni shida. Uku daga cikinsu ba su daɗe da dawowa daga Afganistan ba. Abin ya girgiza ƙasar, amma tambayar da ya tayar tsohuwa ce: me ke sa wasu da suka dawo daga fagen daga su juya kan iyalinsu?

Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka saka PTSD a kundinsu, wato larurar da kan biyo bayan mummunan tashin hankali, mai zuwa da munanan mafarkai, yawan firgita da saurin fushi. A 1983 majalisar dokoki ta ba da umarnin a binciki halin da tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam ke ciki. Masu binciken sun yi dabara, domin ba sojojin kaɗai suka tambaya ba, har da matansu. Rahoton da ya fito a 1992 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na masu PTSD sun kai wa matansu hannu a shekarar da ta gabata, yayin da marasa larurar suka tsaya a kashi 13.5. A lura fa, biyu cikin uku na masu larurar ba su daki kowa ba.

To, ya za a yi da masu dukan? Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Duluth, wanda aka ɓullo da shi a jihar Minnesota a farkon shekarun 1980. A ganinsa tushen duka shi ne son mulki da danne mace, saboda haka sai a tara maza a nuna musu laifinsu ƙarara. Duluth ya yi rawar gani wajen sa kotu da 'yan sanda su daina kallon lamarin a matsayin "maganar gida". Amma da aka auna shirye-shiryen gyaran hali, sakamakon bai yi daɗi ba. Wani gwaji kan ma'aurata 861 na rundunar sojan ruwa a San Diego, da aka wallafa a 2000, bai ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa horo da waɗanda ba a yi wa ba.

A nan Casey Taft ya shigo. Ya yi digirin dakta a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, a hannun Christopher Murphy, yana nazarin mazan da ke zuwa zaman gyaran hali. Abin da suka gano a 2003 shi ya zame ginshiƙin aikinsa: idan aka samu fahimta da yarda tsakanin mutum da mai ba shi shawara, cin zarafin ya fi raguwa daga baya. Daga nan ya koma Cibiyar PTSD ta Ƙasa da ke asibitin tsoffin sojoji na Boston, ya kuma zama farfesa a Jami'ar Boston.

Bayaninsa ya ginu ne kan wani tunani na Claude Chemtob. A fagen yaƙi, wanda ya ɗauki kowane motsi a matsayin barazana shi ke tsira. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta sanin an sallame ta. Soja ya dawo gida, matarsa ta tambaye shi ina ya tsaya, sai ya ji kamar tuhuma ce ko raini, jiki ya ɗau zafi kafin hankali ya iso. Ga rashin yarda da kowa, ga kunya, wani kuma ga giya. A 2011 Taft da abokan aikinsa suka tattara bincike 31, suka tabbatar da alaƙar PTSD da rikicin ma'aurata, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a tsakanin sojoji.

Da wannan suka tsara shirin Strength at Home: zama 12 cikin ƙaramin rukuni, ana koyon gane alamun fushi tun yana tsiro, janyewa kafin abu ya ɓaci, da sake duba fassarar da mutum ke yi wa maganar matarsa. Wani zai ce ai wannan nema wa mai duka uzuri ne. Damuwar tana da tushe, amma shirin bai ɗauke wa kowa laifinsa ba. Cewa yake yi a saurari abin da ya faru da mutum, sannan a ɗora masa alhakin abin da ya aikata.

An wallafa gwajinsa a 2016. Maza 135 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka kuma ji ta bakin mata 111, wanda a ganina shi ne ƙarfin binciken, don mai duka ba kasafai yake faɗin gaskiyar adadi ba. Waɗanda suka shiga shirin sun fi rage duka da cin mutunci. Hukumar kula da tsoffin sojoji ta yaɗa shi zuwa asibitocinta da dama. Sai dai mutum 135 ba yawa ba ne, duka maza ne, kuma na 'yan watanni kawai aka bibiye su bayan kammala zaman.