Filash mai ɗauke da manhajar kwamfuta: mene ne shi, yaya yake aiki?

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da zama, ba kowane ɗan kasuwa ko ɗalibi ne ke da kwamfuta tasa ba. Wani a shagon intanet yake buga takardunsa, wani ta ɗan'uwa yake ara, mai lissafin dillalan shanu na kasuwar Etoudi kuma yau yana nan, jibi jirgin ƙasa ya kai shi Ngaundare. Irin waɗannan mutanen ne suka fi cin moriyar dabarar ɗora babbar manhajar sarrafa kwamfuta, galibi Linux, a kan filash, wanda a nan aka fi sani da "kile USB".

Idan aka soka filash ɗin a jikin kwamfuta aka umarce ta ta tashi daga gare shi, ba za ta buɗe Windows ɗin da ke cikinta ba. Manhajar da ke kan filash ce za ta karɓi allo da madannai da intanet, rumbun mai kwamfutar kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Da an gama aka kashe aka zare, kwamfutar ta koma yadda mai ita ya bar ta.

Dabarar ta girmi filash ɗin da muke sayarwa yau. Wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fitar da Knoppix a shekarar 2000, manhajar da ke tashi daga faifan CD. Sai dai faifai ba ya karɓar sabon rubutu, saboda haka duk aikin da mutum ya yi yana zama ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar, da an kashe ya ɓace.

Ɓangaren ajiya

Abin da ya mayar da filash ɗin kamar kwamfutar mutum ta kansa shi ne ɓangaren ajiya. Ana raba filash gida biyu. Kashi na farko yana ɗauke da asalin manhajar a dunƙule, ana karanta ta amma ba a sauya ta. Kashi na biyu shi ke karɓar duk wani canji: wasiƙar da aka rubuta, kalmar sirrin Wi-Fi, sabuwar manhajar da aka sauke. Yayin tashi, Linux yana shimfiɗa na biyun a kan na farkon, mai aiki kuma ya gan su tamkar abu guda. A Ubuntu tsohon sunan wannan ɓangare casper-rw ne, sababbin fitowa kuma suna kiransa writable.

Ga mai rubutun Hausa akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Kwamfutocin shagunan Yawunde mafi yawansu madannan Faransanci ne, babu ƙ, ɗ da ɓ a kansu. Linux yana zuwa da tsarin madannai na Hausa, na Najeriya da na Gana. Idan mutum ya zaɓa sau ɗaya, zaɓin ya zauna a ɓangaren ajiya, ko a Garwa ko a Kano ya soka filash ɗin zai tarar da haruffansa.

Wace manhaja?

Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da Linux Mint sun fi sauƙi ga sabon shiga, kuma suna da Faransanci. Ga tsofaffin kwamfutocin gwanjo, Puppy Linux ta fi dacewa: Barry Kauler ya fara ta a Ostareliya a 2003, ƙarama ce, tana iya lodawa gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi. Tails kuwa, wadda ta fito a 2009, an gina ta ne don ɓoye sawu. Tana bi da intanet ta hanyar Tor, tana mance komai idan an kashe, sai abin da mutum ya zaɓa ya sa a ma'ajiyarta mai kulle da kalmar sirri. 'Yan jarida sun fi buƙatarta. Tela mai lissafin ɗinkunan Salla ba shi da dalilin jure jinkirinta.

Microsoft ma ta taɓa gwada irin wannan da Windows To Go a zamanin Windows 8, amma ta cire shi daga Windows 10 a 2020.

Haɗa filash ɗin ba wuya. A sauke fayil ɗin ISO daga shafin masu manhajar, a buɗe Rufus a kan Windows, a ja ma'aunin girman ɓangaren ajiya, a danna. Wannan aiki yana goge duk abin da ke kan filash ɗin, don haka a kwashe hotunan biki tukuna. Ventoy, wadda ta fito a 2020, tana ba da damar tara manhajoji da dama a filash guda. Wajen tashi, ana danna F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP.

Inda ake yin asara

Filash bai da juriyar rumbun kwamfuta. Yawan rubutu yana cinye shi, ɓangaren ajiya kuwa rubutu yake yi ba ƙaƙƙautawa. Mai arha yana iya mutuwa rana tsaka ba sallama. Akwai kuma na jabu, wanda aka rubuta masa 64 GB alhali cikinsa bai kai haka ba, kuma ba a ganewa sai fayiloli sun fara lalacewa. Kafin a amince da wanda aka saya a Avenue Kennedy ko wata kasuwa, a gwada shi da H2testw. A nemi USB 3.0, mai shuɗin baki, na 32 GB ko sama, don na 2.0 yana da jan ƙafa sosai.

Ɗauke wuta ma abin tsoro ne. Idan lantarki ya yanke ana tsakiyar rubutu, ko aka zare filash kafin kwamfuta ta gama mutuwa, ɓangaren ajiya na iya lalacewa. Kwamfutar cinya mai batir mai kyau ta fi ta tebur aminci a nan.

Ɓangaren ajiyar da Rufus ke yi wa Ubuntu ba a kulle yake ba. Wanda ya tsinci filash ɗin a cikin tasi zai karanta hoton fasfo da lissafin bashi ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Masu tsallaka iyakoki da takardu masu muhimmanci gara su ɗauki Tails, ko su kulle fayilolin da VeraCrypt.

A shagon intanet, manhajar leƙen asiri da aka dasa cikin Windows ɗin kwamfutar ba za ta yi aiki ba, tunda Windows ɗin bai tashi ba. Amma na'urar da aka maƙala a wayar madannai tana nan tana naɗar abin da aka danna. Wasu masu shago kuma sun kulle saitin tashi da kalmar sirri, kuma haƙƙinsu ne. A nemi izini, musamman kafin a taɓa Secure Boot, domin a kwamfutar da aka kulle rumbunta da BitLocker, sauya shi na iya sa Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda sau da yawa mai kwamfutar bai san inda ya ajiye shi ba.