Daga Bakin Garma Zuwa Farfela: Tarihin Kayan Gyara Masu Araha a Ƙasar Kazaure

Yau a hawan sallar Kazaure ko wani babban biki a Babura, ba abin mamaki ba ne a ɗaga kai a ga ɗan jirgi maras matuƙi yana shawagi yana ɗaukar hoto. Irin wannan jirgi yana tashi ne da farfela huɗu na roba, biyu suna juyawa dama, biyu hagu, kuma su ne suka fi saurin lalacewa a jikinsa. Idan ɗaya ta tsage, mai jirgin yana da zaɓi biyu: ya sayi ta kamfanin da ya ƙera jirgin, ko ya sayi mai araha wadda ba a san maƙerinta ba. Yawanci ta biyun ake ɗauka, domin haka aka saba yi da kowane inji. Wannan sabo yana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin nasa ne yake nuna cewa bai kamata a kai shi kan farfela ba.

Tun kafin zuwan Turawa, manomin Roni ko Gwiwa bai san sayen sabon kayan aiki don wani sashensa ya ci ba. Idan ruwan fartanya ya ƙare, maƙeri ne zai sake masa wani a kan tsohuwar ƙota. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacen injuna suka yawaita, narka tama ta ja baya, maƙera suka koma ga tsohon ƙarfe. Daga baya, da noman gyaɗa ya yaɗa garmar shanu, bakin garmar da kamfani ya kawo ba ya wuce 'yan damuna, sai maƙera suka riƙa yanko madadinsa daga sifirin mota. Wannan yana cikin kayan gyara masu araha na farko da ƙasar nan ta sani, kuma ya yi amfani ƙwarai. Dalilin amfaninsa biyu ne. Maƙerin sananne ne, a bakin kasuwa yake, idan aikinsa ya ba da kunya za a koma masa. Sannan bakin garma idan zai gaza, a hankali yake gazawa, a ƙasa, a gaban idon mai shi.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1980. A lokacin yankin yana cikin Jihar Kano, domin sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiri Jigawa, kuma hukumar raya noma da karkara ta jihar, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa a fadamu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen naira huɗu a dala guda cikin shekara ɗaya. Fistin da ringi da fulogi na Japan suka fi ƙarfin talaka, haka ma kayan Peugeot da ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975. 'Yan kasuwar Nnewi suka cike giɓin da kayan Taiwan, daga baya na Sin, wasu kuma suka kawo na gwanjo daga Turai ta Kwatano. Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano suka zama rumbun da kanikawan Kazaure suke sarowa, ta hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa garin. Ba don waɗannan kaya ba, da rabin injunan ban-ruwa da babura sun zama kufai, da noman rani da acaɓa ba su ciyar da gidajen da suka ciyar ba. Duk wanda ya kira wannan jahilci bai san abin da ya faru da aljihun mutane a shekarun nan ba.

Amma a wannan zamanin maƙerin kayan ya ɓace daga ido, yana can ƙetaren teku. Wanda ya tsaya a gurbinsa shi ne bakanike, kuma aikinsa mafi daraja shi ne tantancewa. Bakaniken da ya san sana'arsa zai bar ka ka sa madubi ko murfin gefe na araha, zai yarda da fulogi mai matsakaicin kuɗi domin idan ya mutu tura babur kawai za ka yi, amma zai yi maka faɗa a kan birki da tayar gaba. Ƙa'idar da sana'ar ta koya da jini ita ce a tambayi abin da zai faru a daidai lokacin da kayan ya gaza.

Idan aka auna farfela da wannan ma'auni, ajin birki take. Tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, saboda haka ɗan bambancin nauyi tsakanin fikafikanta yana haifar da karkarwa. Karkarwar tana ɓata hoto, tana cin boris na motar jirgin, tana kuma rikita na'urar da take auna daidaituwarsa. Robar da ba ta da kyau tana bushewa a zafin bazara ta tsage daga gindi. Jirgi mai farfela huɗu kuwa idan ya rasa ɗaya ba ya sauka a hankali, faɗowa yake yi, kuma a ranar hawa abin da yake ƙarƙashinsa dawakai ne da yara.

Za a ce ai jirgin kansa ɗan Sin ne, tunda kamfanin DJI da ya mamaye kasuwar a Shenzhen aka kafa shi a 2006. Gaskiya ne, kuma wannan yana nuna cewa ba ƙasar da aka yi kaya ce matsala ba. Akwai kamfanoni irin su Master Airscrew da suke ƙera farfela don jiragen wasu, suna sa sunansu a kai, masu amfani da yawa kuma suna yabawa. Irin waɗannan sun fi kama da maƙerin da, wanda za a iya komawa gare shi. Abin tsoro shi ne wadda take zuwa cikin leda babu suna. Za a kuma ce ko wadda ake kira orijina a kasuwa tana iya zama jabu, kuma wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, domin an sha ganin haka a kayan babur da na waya. Sai dai amsarsa ita ce a nemi dillalin da aka sani, a duba kayan da kyau, ba a sallama wa leda ba. Batun tsada kuwa, wanda shi ne ya halatta kayan Taiwan a 1986, ba shi da ƙarfi a nan: farfela ta ƙwarai ɗan ƙaramin kaso ce na kuɗin jirgin da kyamararsa, alhali fistin na Japan a wancan lokaci yana iya cinye ribar kakar tumatir.

Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya ta ce sai da izini ake tashin irin waɗannan jirage, amma izini ba ya duba farfela. Kuma har yanzu sana'ar gyaransu ba ta yi kafuwar ta babur da injin ban-ruwa ba, balle a sami ubangida a gareji da zai hana yaronsa ɗaura abin da bai yarda da shi ba. Tantancewar da bakanike yake yi ta dawo wuyan mai ɗaukar hoto: ya shafa gefen kowace farfela ya ji ko akwai tsaga, ya saurari ƙarar jirgin yana tsaye a iska a fili babu kowa, ya taɓa motocin bayan saukarsa ya ji ko ɗaya ta fi sauran zafi, tun kafin ya ɗaga shi a kan ƙofar fada.