Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Shari'a: Tarihin Raba Aure a Ƙasar Sakkwato

  

Wata ɗaliba a ajinmu na matan aure a nan Bodinga ta yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Mijinta ya tafi ci-rani shekara biyu ke nan, ana jin labarinsa, amma bai bar mata abinci ba, bai kuma aiko ba. Dangi sun ce mata ba ta da mafita sai ta tara sadakinsa ta mayar. Wannan fatawa kuskure ce, kuma tarihin ƙasarmu ya isa shaida.

Wajajen 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna Sifawa yana karantarwa, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna Bodinga. Shi ne mawallafin Diya'ul Hukkam, littafin da ya rubuta a Kano domin shiryar da masu mulki da masu hukunci. Alƙalan Daular Usmaniyya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, madogararsu Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim. A waɗannan littattafai saki yana hannun miji, amma ƙofar alƙali a buɗe take ga mace.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sun bar kotunan alƙalai ƙarƙashin sarakuna, sha'anin aure da gado ya ci gaba a kan fiƙihun Malikiyya. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a Kaduna, inda Shaikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. A 1968 aka cire kotunan daga hannun En'e suka zama kotunan yanki na gwamnati. A 2000 Jihar Sakkwato ta kafa ƙananan kotunan Shari'a da manyansu. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumi kan auren Musulunci da rabuwarsa da riƙon yara da gado. Dokar tarayya ta 1970 kan mutuwar aure kuwa auren rajista ta shafa, Babbar Kotu ke sauraronsa. Sunan kotu ya sauya sau da dama, amma fiƙihun yana nan.

To, yaya abin yake gudana? Hanyoyi uku ne.

Ta farko, sakin miji. Sunna ita ce saki ɗaya, cikin tsarkin da bai kusance ta ba. Ta yi idda tsarki uku a ɗakinta, ko har ta haihu idan tana da ciki, yana ciyar da ita, yana da damar kome. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita.

Ta biyu, hul'i: mace ta fanshi kanta da sadaki ko abin da aka daidaita, yayin da ta ƙi zaman ba don laifin miji ba.

Ta uku, sakin alƙali, ita ce wadda mutane suka manta. Mace daga Shagari ko Bodinga za ta shigar da ƙara, a aika wa miji sammaci, ta faɗi da'awarta, shi ya amsa ko ya musa. Idan ya musa, a nemi shaidu. Kafin hukunci a yi i'izari, wato a tambayi kowa ko yana da sauran hujja. Idan rashin ciyarwa ya tabbata, alƙali ya ba miji wa'adi, in ya gaza ya sake ta a madadinsa. Ko miji ba ya gari, ana iya yi bayan ta rantse bai bar mata komai ba. Idan cutarwa ce ta tabbata, kamar duka, a raba su ba ta biya ko kwabo ba. Idan rikici ya yi tsawo babu shaida, a naɗa masu sulhu biyu daga danginsa da nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta koyar. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.

Malikiyya sun ƙara da cewa idan mace ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta ta, a mayar mata da dukiyarta. Riƙon yara kuma uwa ce ta fi cancanta: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji.

Ya ɗan'uwa matashi, kafin ka rubuta saki uku a takarda ko saƙon waya cikin fushi, nemi sani. Ya 'yar'uwa, haƙuri ibada ne, amma zuwa gaban alƙali ba rashin kunya ba ne. Ɗalibata na shawarce ta ta fara da manyan dangi, in abin ya faskara ta tafi kotu da shaidunta.

Allah Shi ne Mafi sani.