Halwa a Gefen Gari: Nazarin Wani Zane na Bellini

A wajajen shekarar 1480 ne Giovanni Bellini, gwanin zane na birnin Benis a ƙasar Italiya, ya zana Waliyyi Faransis na Asisi a kan allon katako. Zanen yana gidan adana zane-zane na Frick a Amurka, wanda attajirin da ya saye shi a 1915 ya kafa.

Labarin da mafi yawan manazarta ke danganta zanen da shi sananne ne a wurin Kiristoci. A 1224, shekara biyu kafin rasuwarsa, Faransis ya keɓe kansa a dutsen La Berna domin azumi da addu'a. Mabiyansa sun ruwaito cewa a can ne wani mala'ika mai fukafukai shida ya bayyana gare shi, raunuka irin na gicciye suka fito a jikinsa. Magabata irin su Giotto sukan zana mala'ikan ƙuru-ƙuru. Bellini kuwa bai zana shi ba. Abin da kawai muke gani shi ne haske yana kwararowa daga hagu, wata bishiya ta rankwafa, Faransis kuma ya fito daga kogonsa ya buɗe hannuwa, fuskarsa na kallon abin da mu ba a nuna mana ba. A ganinmu, nan ne hikimar zanen take, domin abin da mai ibada ya gani a keɓe ba na 'yan kallo ba ne.

A bayansa ga teburin karatu, da littafi a rufe, da ƙoƙon kan mutum mai tunatar da mutuwa. Takalmansa ma a can ya bar su, yana tsaye ba takalmi, abin da ke tuna mana Annabi Musa da aka umarta ya tuɓe nasa a wuri mai tsarki.

Sai dai wace irin halwa ce wannan? Ana kiran wurin hamada, amma ga ciyawa, ga kurangar inabi, ga jaki tsaye, har da zomo yana leƙowa daga rami. Can gaba kaɗan ga gari da ganuwarsa. Haƙiƙa Faransis bai yi wa mutane nisa ba, hankalinsa ne ya ɗauke daga kansu. Shi ne fa mutumin da ya tafi har Masar a 1219 ya gana da Sarki al-Kamil ana tsakiyar yaƙi. A zanen ma ba shi kaɗai ba ne: akwai makiyayi can nesa da tumakinsa, ya juyo yana dubansa.